Kiɗa da Wasanni a Bikin Tunawa da Kafa Jihar Kebbi: Waiwaye Daga Jega da Aliero da Maiyama

Gabatarwa

Ranar 27 ga Agusta 1991 ce gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, ta haɗa masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru a ƙarƙashin Birnin Kebbi. Kafin nan wannan yanki ya zauna a Jihar Arewa maso Yamma daga 1967, sa'an nan a Jihar Sakkwato daga 1976. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba dalilin da ya sa ranar tunawa da kafa jihar ba ta shiga jinin talakawa ba kamar bukukuwan da suka gada, alhali kuwa ƙasar ba ta rasa makaɗa da masu wasanni ba. Za mu ɗauki misalanmu daga garuruwa uku na ƙasar Gwandu, watau Jega da Aliero da Maiyama.

Tushen Taron Kiɗa a Yankin

Tarihin Jega ba ya rabuwa da na Malam Abdussalami na Gimbana, wanda harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa ya zama ɗaya daga cikin musabbaban hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804. Bayan saɓaninsa da Muhammadu Bello da rasuwarsa a 1818, ɗansa Buhari ya yi mubaya'a ga Gwandu, ya kafa Jega a bakin gulbin Zamfara. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 kasuwar garin ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular, matattarar fataken goro masu zuwa Gwanja da masu kawo kaya daga Nufe.

Sanin kowa ne cewa inda fatake suka yada zango, nan maroƙi yake sauke gangarsa. Saboda haka kasuwa ce ta fara zama dandalin kiɗa a wannan yanki, tun ba a san wani abu wai shi filin wasa na hukuma ba. Mahauta suna da kalangu, manoma suna da gangar noma, 'yan kama da 'yan gambara suna bin rumfuna, gardawa kuma suna wasa da kura ko maciji. Har ila yau kada mu manta cewa wannan ƙasa ce ta Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, inda malaman jihadi suka tsananta a kan kiɗan shagala da cakuɗar maza da mata. Kiɗa bai mutu ba, amma ya koyi zama a inda aka yarje masa: fada, da fagen sana'a, da cikin gida.

Wannan ne ya kawo mu ga batun iyali. A al'adar Bahaushe, maigida ba ya ɗaukar matansa da 'ya'yansa su tafi kallo wuri guda. Kowane rukuni da fagensa. Maza suna fagen dambe da kokawa, matan aure suna kiɗan ƙwarya a cikin gida, 'yan mata suna gaɗa a dandali da farin wata, yara maza suna langa, in azumi ya kai kwana goma kuma su fita tashe. Duk wanda ya shirya biki bai kula da wannan rabo ba, to, ya shirya wa maza ne kawai.

Hukuma da Bukukuwa

Shigar hukuma cikin bukukuwan gargajiya ba sabon abu ba ne. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, bayan daɗaɗɗiyar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. Daga baya gwamnati ta karɓi ɗawainiyarsa, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Haka kuma babban hawan daba da aka yi a Kaduna lokacin FESTAC a 1977 ya nuna yadda hukuma take iya tara sarakuna da makaɗansu a fili guda. Abin lura shi ne, a duka biyun hukuma ta tarar da abin yana raye ne, ta ƙara masa ƙarfi.

Bikin kafa jiha kuwa daga sama ya sauko, kuma muna ganin abubuwa uku ne suka takura shi. Na farko shi ne lokaci. Ƙarshen Agusta tsakiyar damina ce, manomi yana gona, rumbu ya yi ƙasa, ba shi da abin da zai yi wa makaɗi kari. Dambe da kokawa da kalankuwa duk wasannin kaka ne. Mutumin Aliero, alal misali, sai ya kwashe albasarsa da rani kuɗi suke shiga hannunsa. Na biyu shi ne wuri, domin irin wannan biki yakan tsaya a babban birni, inda ake jawabai da addu'o'i da buɗe ayyuka. Na uku shi ne irin makaɗan da ake gayyata. Makaɗin fada da mai yabon masu mulki su ne suka dace da rumfar manyan baƙi. Amma ƙasar Maiyama ita ce ta haifi Muhammadu Gambo na Fagada, wanda aka sani da mai waƙar ɓarayi, mutumin da jama'a suka saurara ƙwarai, manazarta kuma suka yi rubutu a kansa, duk da cewa babu jami'in da zai so jin sa a taron gwamnati. Ke nan abin da talaka yake saurare daban, abin da ake kaɗa masa a ranar jiha daban.

Kammalawa

Ba muna cewa a sauya ranar 27 ga Agusta ba ne, domin tarihi ya riga ya kafa ta. Shawararmu ita ce a bar jawabai a ranarsu, a ɗage wasannin zuwa kaka, a kuma rarraba su ga ƙananan hukumomi 21 na jihar, kowace ta fito da abin da aka san ta da shi, tare da ware fagen mata da na yara. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, da kwalejojinmu na ilimi, suna iya ɗaukar nauyin naɗar muryoyin tsofaffin makaɗan noma da na dambe na waɗannan garuruwa tun suna raye. Waƙar baka ba ta da wani rumbu sai kan mai ita, in ya kwanta dama ba a naɗa ba, ta bi shi ke nan. Muna fata mahalarta wannan taro za su tattauna waɗannan shawarwari, su gyara mana inda muka yi kuskure.