Dariyar Sallah: Daga Kaduna Zuwa Ngong

A ƙasar Sikotilan, bikin ƙarshen shekara ba ya cika sai an zauna gaban talabijin an sha dariya. Wasan barkwancin Still Game, wanda BBC ta fara nunawa a 2002, ya yi shirye-shirye na musamman na Kirsimeti da jajibirin sabuwar shekara, kuma har yau ana adana da su.

Mu ma muna da tamu dariyar ta Sallah, sai dai hanyar da ta bi ta iso arewacin Kamaru daban ce. Talabijin bai fara aiki a Kamaru ba sai 1985. Kafin nan, Bahaushen Garwa da na Ngong kunne yake kasawa ga Rediyon Kaduna, inda Samanja Mazan Fama, wato Usman Baba Pategi, ke kwaɓa Hausar barikin soja. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, kasuwar kaset ta buɗe, 'yan kasuwa suka riƙa tsallako da finafinai ta kan iyaka. Ranar Sallah, bayan tuwo da yawon gaisuwa, gidan mai bidiyo kan cika maƙil da yaran unguwa, ana kallon Rabilu Musa Ibro.

Ibro ya rasu a 2014, Samanja a 2023. Kaset kuwa zafi da ƙura ke cinye shi. Duk mai tsohon kaset a ƙasan akwati, ya fito da shi a kwafe tun bai lalace ba, domin jikokinmu su san abin da ya ba kakanninsu dariya.