Daga Hatimin Bakatsine Zuwa Yaran Birnin Gwari

A shekarar 1732 wani malami Bakatsine, Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci kan haɗa hatimi: gidajen lambobi waɗanda ko a tsaye aka lissafa su, ko a kwance, ko a karkace, jimlarsu ɗaya ce. Ƙa'ida ya shimfiɗa daki-daki: ga inda za ka fara, ga yadda za ka matsa zuwa gida na gaba. Irin wannan jerin umarni ake kira algoridim, kuma shi ne ƙashin bayan kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni.

Tunanin koya wa yara wannan fasaha ya kankama a Amurka a 1967, lokacin da Seymour Papert da abokan aikinsa suka ƙirƙiro harshen Logo. Yaro zai umarci wani ɗan kunkuru: yi gaba, juya dama. In zanen ya karkace, shi da kansa zai bi sawun umarninsa har ya gano inda ya kauce. Babban amfanin ke nan a wurin Papert: yaro ya daina tsoron kuskure, ya koyi rarraba babbar matsala zuwa ƙanana. A 2007 jami'ar MIT ta fito da Scratch, wanda ke aiki ko babu intanet.

Najeriya ta fitar da manufar ilimin kwamfuta tun 1988. A 2007 aka raba wa ɗaliban firamaren Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutoci a gwajin shirin One Laptop per Child, amma rashin wuta da wahalar gyara suka rage masa armashi.

Darasin ya fi shafar Birnin Gwari. Dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun dajin ƙasa a 1999, ya zama maɓoyar 'yan bindiga, makarantun ƙauyuka da dama suka watse. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnati ta katse layukan waya a yankin har kusan wata biyu. Bayan sulhun Nuwamban 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu, jama'a suka fara komawa gida.

Yaran da suka yi shekaru ba aji, ramin haƙar zinariya na kiransu, daji ma na kiransu. In aka ce sai wuta da intanet sun wadata za a koya musu kodin, to jiran gawon shanu za a yi. Malami da allo da alli sun isa farawa: yaro ɗaya ya rubuta umarni, wani ya taka shi a filin makaranta, sauran su nemo kuskuren. Ranar da kwamfuta ta iso, za ta tarar da yaran da suka riga suka iya tsara tunani, kamar yadda al-Kashinawi ya tsara nasa da alƙalami da tawada.