Tarihin Indomin Salansa: Wa Ya Ƙirƙiro Shi, Kuma Yaushe Aka Fara Musanya Shi Daga Mota Zuwa Mota?



Akwai tambayar da ba ta gajiya da dawowa a wannan zaure: idan na ciro salansar wata mota na ɗaura wa tawa, ko na fasa indomin da ke ciki, za ta ƙara ƙarfi? Wasu sun rantse sun gwada motar ta zama jirgi, wasu kuma sun ce tun daga ranar ba su sake ganin daidai ba. Mun ga ya dace mu koma tushe, domin gardamar ta girmi da yawa daga cikinmu. Tun 1975 ake tafka ta, kuma a Amurka aka faro.

Ga wanda bai sani ba, abin da kanikawanmu ke kira indomi wata tukunyar ƙarfe ce a jikin bututun hayaƙi, tsakanin inji da salansar baya. In aka yanka ta za a tarar da tangaran mai ramuka kamar saƙar zuma, wanda ya yi wa mutanenmu kama da taliyar yara, sunan kuma ya bi shi. Bangon ramukan an shafe shi da ƙarafa uku masu tsada: filatinom, faladiyom da rodiyom, duka-duka 'yan giram kaɗan. Idan tukunyar ta ɗauki zafi, daga wajen digiri 250 zuwa sama, ƙarafan nan sai su juya gubar hayaƙi ta koma iska mai sauƙin illa. Cikin gubar har da kabon monoksayid, iskar nan marar wari da kan kashe iyali guda idan aka kwana da janareta a cikin ɗaki.

Labarin ya fara ne daga birnin Los Angeles. A watan Yulin 1943 wani hazo mai yaji ya lulluɓe garin, idanu na hawaye, maƙogwaro na ƙaiƙayi, har wasu suka zaci Japan ce ta kawo harin guba, da yake ana tsakiyar yaƙi. Shekaru aka yi ana zargin masana'antu. Sai a farkon shekarun 1950 wani masanin sinadarai ɗan asalin Holan, Arie Haagen-Smit na jami'ar Caltech, ya nuna cewa hayaƙin motoci ne ke haɗuwa da hasken rana ya haifi hazon. Kamfanonin mota ba su ji daɗin wannan magana ba ko kaɗan.

Wani Bafaranshe mazaunin Amurka, Eugene Houdry, wanda ya riga ya yi suna wajen fasahar tace mai, shi ya ƙirƙiro matatar hayaƙin mota, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1956. Amma ta tsaya a takarda, saboda dalma. Tun 1923 ake sayar da fetur mai dalma domin hana inji ƙwanƙwasa, ita kuwa dalma tana lulluɓe ƙarafan nan ta kashe su cikin ɗan lokaci. Houdry ya rasu a 1962 bai ga abinsa a kan titi ba.

Doka ce ta tilasta. A ranar ƙarshe ta 1970 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar tsabtace iska, wadda ta nemi a rage gubar hayaƙin sababbin motoci da kashi 90 cikin 100. Motocin ƙirar 1975 suka fito da matata, gidajen mai suka fara sayar da fetur marar dalma, aka kuma tsuke bakin tanki yadda bututun famfon mai dalma ba zai shiga ba. Abin lura, a wannan shekara ta 1975 ce kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Fijo 504 da iyayenmu suka hau ba ta san wani abu indomi ba, shi ya sa tsofaffin kanikawanmu da yawa suka ɗauke shi baƙon abu da ba shi da amfani.

To a nan ne musanye ya samo asali, kuma gaskiya ɗaya ce, mutanen farko suna da hujja. Matatar da General Motors ta fara sakawa ba saƙar zuma ba ce. Wata faffaɗar tukunya ce cike da ƙananan duwatsu kamar ƙwayar dawa, hayaƙi na kutsawa ta tsakaninsu da ƙyar. Ga shi an riga an rage matsin injina domin su iya shan fetur marar dalma. Ɗauki Corvette, motar da Amurkawa ke tinƙaho da ita. Ƙaramin injinta yana ba da ƙarfin doki 195 a 1974, a 1975 ya faɗo 165. Bututun hayaƙi biyu da take da su, kowane ɓangaren inji da nasa, aka haɗe su suka bi ta tukunya guda. Mai mota ya duba ta maƙwabcinsa ta bara, ya ga ƙirar kusan ɗaya ce, me zai hana? Sai aka shiga sayen bututun 1974 ana ɗaura wa ta 1975. Wasu suka cire tukunyar suka sa miƙaƙƙen bututu, wanda 'yan kasuwa ke sayarwa da sunan wai na gwaji ne kawai. Wasu har faɗaɗa bakin tanki suka yi domin su sha fetur mai dalma, da yake ya fi araha. Gwamnati ta biyo su a hankali: a 1977 aka haramta wa garejoji cirewa, a 1990 haramcin ya hau kan kowa, har mai motar.

Sai dai yayin da ake wannan, fasahar ba ta tsaya ba. Injiniyoyin kamfanin Corning sun riga sun fito da saƙar zumar tangaran, mai ramuka miƙaƙƙu da hayaƙi ke wucewa ba gardama. Carl Keith da John Mooney na kamfanin Engelhard suka samar da matatar da ke maganin guba uku a lokaci guda. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma shi ne ginshiƙin duk wannan maƙala: dole iska da fetur su shiga inji a ma'auni daidai, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai. Kafireto shi kaɗai ba zai iya riƙe wannan ma'auni ba. Saboda haka a 1976 Volvo, tare da Bosch, ta fito da mota mai sensar oksijin a bututun hayaƙi, tana shinshina hayaƙin tana gaya wa kwamfuta ta ƙara mai ko ta rage. Daga ranar salansa ta daina zama bututu kawai, ta zama wani ɓangare na tsarin ba inji mai. Zuwa 1981 yawancin sababbin motocin Amurka a kan wannan tsari suke.

Turai ta makara. Sai daga 1993 ya zama wajibi kowace sabuwar mota mai fetur ta fito da matata. Nan ma an ɗan yi irin na Amurka: Fijo 205 GTI mai inji 1.9 tana da doki 130, da aka sa mata matata ta koma 122, matasa suka riƙa neman bututun tsohuwar. Amma a lura da tazarar. Doki 30 a 1975, doki 8 a nan.

A 1996 kuma Amurka ta wajabta tsarin da ake jona wa mota na'ura a karanta ciwonta. Aka ƙara sensa ta biyu a bayan matata, aikinta ta sa ido ko matatar na aiki. Duk wanda ya taɓa ganin P0420 a na'urar bakanike, ita ce ke kai ƙara. Motocin da muke saye na Kwatano da Legas kusan duk 'ya'yan wannan zamani ne.

Shi ya sa muke ganin musanyen yau ba irin na 1975 ba ne, ko da sunan ɗaya. Mota ƙira ɗaya, shekara ɗaya, tana iya fitowa iri biyu, domin jihar Kalifoniya tana da dokarta mai tsauri. Ta Kalifoniya kan zo da matata manne da inji da wata irin sensa daban, kuma takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet tana faɗin wace iri ce. Mai walda zai iya haɗa kowane bututu da kowane, wannan ba abin musu ba ne. Amma in ramin sensa ya matsa daga inda kwamfuta ta san shi, ko matatar ƙaramin inji ta hau babba, ko aka bar ɗan ɓuli a wurin walda iska na shiga kafin sensa, kwamfutar za ta karanta ƙarya ta zuba mai a kan ƙarya. Bututun da ya yi wa inji faɗi kuma yakan rage saurin hayaƙi, motar ta yi nauyin tashi a cikin gari, duk da rurin da take yi. Ruri kuwa yana yaudarar kunne ƙwarai.

Masu cewa sun ga canji ba lallai ƙarya suke ba. Indomin da ya toshe ko ya narke yana shaƙe mota, ta kasa hawa tudu, kuma duk abin da aka sa a madadinsa za a ji sauƙi. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce me ya kashe shi. Yawanci fulogi ne da ba ya ƙona mai, ko inji mai shan baƙin mai, ko gurɓataccen fetur. Har zuwa farkon shekarun 2000 ma fetur mai dalma ake sayarwa a yawancin ƙasashenmu, sai a farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka gama dainawa, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Motocin da suka shigo kafin nan, mai ne ya kashe musu indomi tun ba a je ko'ina ba. Akwai matatar tsere ta gaskiya, mai ramuka 100 ko 200 a kowane inci murabba'i maimakon 400 da aka saba, amma ribarta sai injin da aka riga aka ƙara wa ƙarfi, aka kuma sake saita kwamfutarsa.

Saura ɓangaren kuɗi, wanda shi ya fi shafarmu. Mafi yawan rodiyom na duniya daga Afirka ta Kudu yake fitowa, faladiyom kuma Rasha ce kan gaba. A watan Maris na 2021 farashin oza ɗaya na rodiyom, wato kusan giram 31, ya haura dala 25,000, lokacin da zinariya ba ta kai dala 2,000 ba. A Ingila da Amurka ɓarayi suka riƙa shiga ƙarƙashin motoci da zarto, musamman Toyota Prius, su yanke matata cikin minti biyu. A wajenmu ba a cika buƙatar zarto ba. Wani daga cikinmu ya kai mota gyaran wata ƙara, aka ce masa indomi ne ke hana ta numfashi, a cire a sa masa na wata mota kyauta. Sai bayan wata biyu, da warin hayaƙi ya ishi yaransa a kujerar baya, wani bakanike ya buɗe ya tarar da tukunya fayau, ba komai a ciki sai tsatsa.

Farashin ya sauko daga baya, amma har yanzu tsohon indomi na asali kuɗi ne, kuma masu saye suna nan. Masu Camry da Accord na Amurka, ku ɗaga bonet ku ɗauki hoton takardar nan ku ajiye mana a ƙasa, mu ga nawa ne 'yan Kalifoniya a cikinmu. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu ɗauki tarihin sensar oksijin ita kanta.