Bambancin Halitta ko Cuta? Nazarin Wasu Siffofin Ƙoda da Magudanar Fitsari a Hoton Sikanin

Tsakure

Maƙalar ta duba siffofin ƙoda da kan fito a hoton sikanin su tayar da hankalin majiyyaci, alhali da yawansu halitta ce ba cuta ba. Ta kuma nuna dalilin da ya sa kumburar magudanar fitsari ke bukatar karatu na daban a wuraren da tsargiya ta yawaita.

Gabatarwa

Ƙodar baligi kan kai tsawon santimita 9 zuwa 12. A jikin ɗan tayi tana fara tsirowa ne a ƙugu, sannan ta haura zuwa mazauninta tsakanin mako na 6 da na 9. Wasu daga cikin bambance-bambancen da mai ɗaukar hoto ke cin karo da su sun samo asali ne daga wannan tafiya. Idan ƙodar ta tsaya a hanya, sai a same ta a ƙugu. Mai ɗaukar hoton da bai duba can ba zai iya rubuta cewa majiyyaci ƙoda ɗaya gare shi.

Siffofi masu kama da ƙari

Biyu ne suka fi ruɗarwa. Na farko tudu ne a gefen ƙodar hagu wanda likitoci ke kira tozon raƙumi, kuma sunan ya dace da shi. Saifa ce ke danne ƙodar ta bar mata wannan siffa. Na biyu kaurin ginshiƙin Bertin ne, wato naman ɓawon ƙoda da ya kutsa ciki, mai ɗauke da sunan masanin jiki ɗan Faransa na ƙarni na 18. A duka biyun naman iri ɗaya ne da na kewayensa, jini na gudana a cikinsa yadda ya saba. Ƙari na gaskiya yakan ture jijiyoyin jini gefe, ya kuma ɓata layin ƙodar.

Jakar ruwa a ƙoda ta zama ruwan dare ga masu shekaru. Rabe-raben da Morton Bosniak ya fitar a 1986, bisa hoton CT, ya sanya mai siririn bango da ruwa zalla a aji na farko, wanda ba ya bukatar bibiya.

Haɗaɗɗiyar ƙoda da bututu biyu

Kusan mutum 1 cikin 500 ana haifarsa da ƙodoji biyu a manne ta ƙasa, kamar ƙarfen kofaton doki. Mahaɗar tana maƙalewa a ƙarƙashin wata jijiyar jini da ke ciyar da babban hanji, don haka ƙodar ba ta kai mazauninta. Mai ita zai iya tsufa bai sani ba, sai dai ya fi saurin kamuwa da tsakuwa da ciwon sanyin fitsari. Bututu biyu daga ƙoda ɗaya ya fi wannan yawa. Idan sun rabu har mafitsara, ƙa'idar Weigert da Meyer ta nuna bututun ɓangaren sama ne ke toshewa, na ƙasa kuma ke mayar da fitsari baya.

Kumburar magudana da tsargiya

Nan ne, a ganin marubucin, aka fi yin kuskure. Mai juna biyu kan nuna kumburar magudana, musamman a dama, kumburar kuma takan baje bayan haihuwa. Mafitsarar da ta cika maƙil ma tana kawo hakan, shi ya sa ake maimaita hoton bayan majiyyaci ya yi fitsari.

Amma yaron da ya taso yana wanka a madatsar ruwa ko fadamar noman rani a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, labarinsa daban ne. Ƙwan tsutsar tsargiya na maƙalewa a bangon mafitsara da ƙarshen bututun fitsari, ya sa su yi kauri su tsuke, fitsari ya taru a ƙoda. Iyaye da yawa ba sa ambatar fitsarin jini sai an tambaye su, domin a wasu ƙauyuka ana ɗaukarsa alamar balaga. Don haka duk kumburar da aka gani a irin wannan yaro tana bukatar auna kaurin bangon mafitsara, da binciken ƙwai a fitsarin da aka karɓa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, sannan a sake hoton watanni kaɗan bayan ya sha maganin praziquantel.