Sauya manhajar PlayStation 2 don gyara hoto: yadda ake yi, iyakarsa da matsayin doka

Kamfanin Sony ya fitar da PlayStation 2 a shekarar 2000, ya daina ƙera ta a 2013 bayan ya sayar da fiye da miliyan 150. Amma a shagunan wasan gem na Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi har yau ba ta yi ritaya ba, domin tana da araha kuma ba ta buƙatar intanet. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Zamfara, inda aka katse layukan sadarwa a watan Satumban 2021 saboda matsalar 'yan bindiga. Sai dai mai shagon da ya maye gurbin tsohuwar talabijin mai ƙeya da filasma yakan tarar hoto ya yi dishi-dishi, kwastomomi kuma su koma wani wuri.

Tushen matsalar

An ƙera na'urar ne don tsohuwar talabijin, wadda ke zana hoto kashi biyu: layuka na 1, 3, 5 da farko, sannan na 2, 4, 6. Wannan shi ne tsarin tsallake-layi, wato 576i a tsarin PAL da Najeriya ke bi, ko 480i a Amurka da Japan. Filasma kuwa sai ta haɗe kashin biyu kafin ta nuna, abin da ke jawo gefen hoto ya yi haƙora-haƙora, kuma a samu ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa. A tsarin jere-layi, kamar 480p, ana zana dukkan layukan lokaci guda, hoto ya fito garau.

Yadda ake sauyin

Wasu wasannin sun zo da tsarin a ɓoye. Akan riƙe maɓallin X da mai kusurwa uku yayin da wasan ke tashi. Sauran kuwa sai an tilasta musu. Masu gyara kan ɗora manhajar Free McBoot a kan katin memori, wadda ke buɗe ƙofar Open PS2 Loader. A cikinta ne ake samun GSM, inda ake zaɓar 480p ga kowane wasa. Ba a buɗe na'urar, kuma da an zare katin sai ta koma yadda take.

Abin lura kafin biyan kuɗi

Wayar nan mai kai rawaya ba ta ɗaukar 480p. Dole a sami mai kawuna biyar (kore, shuɗi da ja na hoto, biyu na sauti), ko mahaɗin HDMI, sannan a saita fitar hoton na'urar a kan YPbPr. Duk wanda ya karɓi kuɗin gyara alhali wayar rawaya na nan a jone, bai yi aikin ba.

Haka kuma ba kowane wasa ke karɓa ba: wani allon zai yi baƙi, wani hoton zai matse. Wasan PAL da aka tilasta wa 480p na iya rasa ƙasan hotonsa. Free McBoot ma ba ta aiki a kan mafi yawan siraran na'urorin ƙarshe, samfurin SCPH-90000.

Me doka ta ce?

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris 2023, ta haramta ƙetare matakan fasaha da ke kare ayyukan wasu. Gyaran hoto daban, satar fasaha daban, amma manhajar da ke yin na farko ita ce ke ba da damar loda kwafin wasanni daga filashi. A nan ne mai shago zai iya faɗawa hannun Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, ko da kuwa hoto kawai ya je gyarawa.