Daga 'Yar Gusau Zuwa Kuɗin Hannu: Tarihin Taimakon Talaka a Arewacin Zamfara

Abin da ya jawo hankalina ga wannan rubutu shi ne wata gardama da muka yi da abokaina a ɗakin kwana, inda wani ya ce ba talaka kuɗi a hannu ɓarna ce, lalaci kawai take koya masa. Ni kuwa da na tashi a wani ƙauye tsakanin Ƙauran Namoda da Zurmi, na ga ya kamata in waiwayi tarihi kafin a yanke hukunci.

Tun zamanin da, yunwar manomin ƙasarmu tana da lokacinta, watau tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya ƙare, gero kuwa bai nuna ba. A nan ne mai gida yakan bar gonarsa ya tafi ƙwadago gonar wani, ko ya ci bashin dami ɗaya ya biya biyu da kaka. Saboda haka kakanninmu suka tanadi gayya da biki da adashi, Musulunci kuma ya wajabta zakka. Duk waɗannan, in ban da gayya, dukiya ce ake miƙa wa mutum ya yi yadda ya ga dama da ita.

Zuwan Turawa ya sake al'amura. Haraji ya koma na tsabar kuɗi, jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, manoma suka dukufa ga gyaɗa da auduga. Daga nan abincin gida ya rataya ga kasuwa. Yunwar 1942, wadda ake kira 'Yar Gusau, da farin 1973 sun nuna haka. Kakata takan ce a shekarar farin nan hatsi bai yanke a kasuwar Shinkafi ba, abin saye ne babu. Wannan magana tata ta yi daidai da ta masani Amartya Sen na Indiya, wanda ya nuna a 1981 cewa sau da yawa yunwa takan kashe mutane alhali ga abinci jibge a kasuwa.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, aka kuma ƙaddamar da Shari'a a 1999, gwamnati ta kafa hukumar zakka da waƙafi. Sa'an nan daga 2013 zuwa 2019 ƙungiyar Save the Children, da kuɗin gwamnatin Ingila, ta gudanar da wani shiri a Anka da Tsafe, inda ake ba mace mai ciki naira 3,500 kowane wata har ɗanta ya shekara biyu, daga baya aka mai da shi 4,000, tare da koya mata ciyar da yaro. Masu bincike sun tarar tsumburewar yara ta ragu, mata da yawa kuma sun kama sana'a da kiwo. Kazalika gwamnatin Muhammadu Buhari ta fito da nata shirin na naira 5,000 a wata, ana biya 10,000 bayan wata biyu, har aka zuba masa dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta maido.

Wannan na ƙarshe shi na gani da idona, don gwaggona, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, tana cikin masu karɓa. Biyan farko ta sayi gero da sabulu. Na biyu ta shiga adashi. Da ɗaukarta ta zo, ta sayi akuya da tiyar gyaɗa ta kama yin ƙuli-ƙuli. Wata rana na tambaye ta abin da ya fi yi mata daɗi, sai ta ce, "Ɗana, bana ban aiki ɗiyata talla ba da safe, kuma ban ranci hatsin kowa ba." Ka ga ke nan, da a ce buhun taki aka ba ta, da ta sayar da shi da araha, don ba taki ne damuwarta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma fa kada mai karatu ya zaci na ce kuɗin ya magance kome. Da fari dai, biyan yakan yanke wata da watanni, wasu mabukata kuma sunansu bai shiga takarda ba. Na biyu, tsadar kaya ta cinye darajar naira 5,000. Na uku, wanda ya fi duka ciwo, shi ne ta'asar 'yan bindiga. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako da layukan waya a jihar don yaƙarsu, mai kuɗi a hannu ya rasa inda zai kai su. Akuyoyin gwaggona, da suka kai biyar, dare ɗaya aka kore su. A 2024 likitocin ƙungiyar MSF suka auna yara a Shinkafi da Zurmi, suka tarar ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa.

To, ga amsata ga abokina. Tarihi bai nuna talakan Zamfara malalaci ne ba. Abin da ya nuna shi ne, in aka ba shi ɗan jari a kan kari, ya san yadda zai juya shi, muddin an bar shi ya je gona ya dawo lafiya, kasuwa kuma tana ci. Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, in mun koma gida hutu, mu zauna da iyayenmu mata mu rubuta abin da suka gani, tun kafin a manta. Allah Ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.