Daga Akra zuwa Maraɗi: yadda maganin tamowa ya bar gadon asibiti ya shigo tsakar gida

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

In aka ce masanin abinci, yawancinmu mutumin da ke hana Alhaji shan lemon kwalba saboda ciwon suga muke hangowa, ko mai tsara wa Hajiya yadda za ta rage teɓa. Ni ma haka na ɗauka har na gama jami'a. Ɗan maƙwabciyarmu ne ya sauya mini tunani, yaro ɗan wata goma sha huɗu da ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi. A unguwa wasu suka ce mayu ne. Da na raka su asibiti, wadda ta fara duba shi ba likita ba ce, jami'ar abinci mai gina jiki ce. Ta danna bayan ƙafarsa da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Sai ta dubi uwar ta ce, "Maman yaro, yaushe kika yaye shi? Me yake ci daga safe zuwa dare?" Koko ne da safe, koko da rana, sai tuwo in ya karɓa.

To wannan tambayar tana da tarihi, kuma shi nake so mu bi yau.

A 1929 wata likita haifaffiyar Jamaika, Cicely Williams, ta zo aiki ƙasar Gana, lokacin ana ce mata Gwalkwas. A asibitin yara na Akra ta riƙa ganin yara masu irin wannan kumburin, fatarsu na saɓulewa, suna mutuwa. Maimakon ta tsaya ga littattafan da ta karanto a Ingila, sai ta tambayi matan wurin me suke kiran ciwon. Suka ce kwashiyoko, wato a harshen Ga, ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane an ture shi daga nono. Ku lura, sunan kansa ya faɗi sanadin: an cire yaro daga nono an bar shi da kunun masara zalla. Mu ma ai muna da kalmar kwanika, kuma kakanninmu sun san abin da take jawo wa ɗan goye. Williams ta rubuta bayanin ciwon a 1933, sannan a 1935 ta sa wannan suna a mujallar likitoci ta Lancet. Wasu manyan likitocin Ingila suka ce ta yi kuskure, wani tsohon ciwo ne da suka riga suka sani. Ita kuwa ta ga yaran na farfaɗowa idan an ba su madara. Yau sunan da matan Akra suka ba ta shi duniya ke amfani da shi.

Sai dai gano ciwo daban, kai magani ga mai shi daban. Shekaru da dama hanyar ita ce a kwantar da yaro a asibiti wajen wata guda, ana dama masa madara ta musamman. Madarar na aiki, amma sai da ruwa mai tsabta, kuma in ta jima a ajiye ta lalace, don haka ba a bai wa uwa ta tafi da ita gida. Ku auna da kanku: mace a ƙauye, ga sauran yara, ga damina, ga kuɗin mota, a ce ta tare a asibiti kwana talatin. Da yawa ba sa zuwa. Masu zuwan ma wasu kan sulale kafin a sallame su, a bi su da sunan jahilai, alhali lissafi suka yi.

A 1996 wani likitan yara Bafaranshe masanin abinci, André Briend, tare da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset, suka haɗa gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, suka zuba a 'yar leda mai giram 92. Shi ne Plumpy'Nut, abin da muke kira abincin tamowa. Sirrinsa ɗaya ne, babu ruwa a ciki, don haka ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin yaɗuwa. Ba dafawa, ba damawa, uwa ta yage yaro ya tsotsa. Abin da ke ba ni dariya da takaici lokaci guda, gyaɗar da kakanninmu suka tara dala-dala a Kano ana lodawa a jirgin ƙasa zuwa Turai, ita ce ta dawo mana a leda da sunan magani. Yanzu dai ana yin sa a Yamai da Kano.

Babban gwajin a ƙasar Hausa aka yi shi. Bayan fari da farin ɗango na 2004, hatsi ya yi tsada a Nijar, kuma a 2005 Maraɗi ta cika da yara masu tamowa, duk da akwai gero a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta kula da yara sama da 60,000 a shekarar, mafi yawansu a gidajensu. Uwa ta zo sau ɗaya a mako, a auna yaro, a ba ta ledojin sati, ta koma. Gado sai ga wanda ya kasa cin abinci ko wani ciwon ya haɗu masa. Fiye da tara cikin goma suka warke. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da wannan tsari a hukumance.

Daga baya aka ƙara gaba. A Mirriya ta jihar Damagaram, ƙungiyar ALIMA ta koya wa iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu da 'yar igiyar nan mai launi uku, aka ga suna iyawa kamar ma'aikatan lafiya. Kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, a tafi asibiti a ranar.

Ni dai a ganina mun fi son ledar fiye da darasin. Leda na ƙarewa idan masu ba da tallafi sun janye, wata kuma ka gan ta a kan tiren mai talla, manya na sha. Aikin masanin abinci na gaske kafin ledar yake: ya zauna da mata ya ji me ke cikin rumbu, ya nuna yadda za a soya gero da waken suya da gyaɗa a niƙa a yi garin kunun yara, a zuba zogale a miya, a bar jariri kan nono zalla wata shida. Irin waɗannan ma'aikatan kuwa a manyan asibitocin birni aka fi samunsu, nesa da inda ake yaye da koko.

Ɗan maƙwabciyarmu ya yi sati bakwai yana karɓar leda. Jami'ar ta ba uwar igiyar awo ta tafi da ita, yanzu duk layinmu ita ake kai wa yara ta auna. A shiri na gaba za mu ji daga bakinta.